Kujerar da Na Daina Ɗauka Zuwa Masallaci

Ni tela ce. Shekara 21 ke nan ina ɗinkin mata a Jos, shagona yana kusa da Taminus, gidanmu kuma a Unguwar Rogo. Duk wadda ta daɗe a wannan sana'a ta san jikin mata fiye da yadda su kansu suka san shi, domin tef ba ya kara. Ina da littattafan awo huɗu da suka cika. In na buɗe shafin mace ɗaya, zan nuna muku ƙugunta tana amarya, da bayan haihuwar fari, da bayan ta uku, inci na bin inci. Awon da ban taɓa rubutawa a ciki ba shi ne nawa. Kayana da ido nake yankawa, in ƙara inci biyu, in ce wa raina ai mace mai shekaru ba ta sa matsattsun kaya.

An yi mini aure ina da shekara 19, siririya kamar sillen kara. Duk taron dangin miji da na shiga sai an sami mai cewa, "Wai ba a ba amaryar nan abinci ne?" Maganar tana yi mini ciwo, tana kuma yi wa Malam ciwo, don shi ake nufi. Wata faccalata ce ta kawo mini ƙwayoyin nan da ake kira sha-ka-fashe, ƙulle a leda, ba takarda ba suna. Na sha na wasu watanni. Kumatuna suka ciko, aka fara cewa, "Kai, hutu ya karɓe ki," "Kin murje abinki." Na ji daɗin maganar ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Daga nan haihuwa biyar ta biyo baya, kowace da jegonta, kunun kanwa da gasasshen nama da tuwo sau uku a rana, kuma duk abin da jego ya ɗora mini bai taɓa sauka ba.

Sai kuma shago. Keke Napep ke ɗauko ni daga ƙofar gida ya ajiye ni a ƙofar shago. In na zauna a kan keken ɗinki ƙarfe tara, sallah kawai ke tashina. Da safe masa da miyar taushe da shayi mai kauri, da rana shinkafa da lemon kwalba mai sanyi, bayan la'asar awara ko fanke da wani lemon, sannan in koma gida in tuƙa tuwo a ci ƙarfe goma na dare. Ban taɓa ganin kaina a matsayin mai yawan ci ba. Yadda kowa ke ci a layinmu ke nan.

Gwiwa ce ta fara kawo ƙara. Da farko in na yi sujada sai na dafa bango kafin in miƙe. Daga baya bangon ma ya daina isata. Na sayi farar kujerar roba na ajiye kusa da dardumata. Na san addini ya yi rangwame, wanda bai iya tsayuwa ba ya yi a zaune, kuma ban taɓa shakkar ingancin sallata ba. Amma a azumi, in aka zo goman ƙarshe, autana ke ɗaukar mini kujerar nan a ka zuwa masallacin unguwa, a ajiye ni a ƙarshen sahu tare da tsofaffin da suka haifi kamata. Shekaruna 42 a lokacin.

Ƙarshen 2021 ciwon kai ya matsa mini, na je wani asibiti. Aka ɗora ni a sikeli, kilo 98. Jinina 160 bisa 100. Washegari na koma ban karya ba aka gwada suga, 118. Likitan ya yi mini bayani cikin natsuwa, ya ce daga 100 zuwa 125 mutum yana bakin ƙofa ne, in ya kai 126 aka sake gwadawa aka samu haka, to ciwon suga ya shigo. Ya rubuta mini maganin hawan jini. Amma ba maganarsa ce na tafi da ita gida ba. Wata ma'aikaciya ce, tana rubutu ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce da ƙarfi a gaban layin mutane, "Hajiya, in ba ki rufe bakinki ba, wannan ƙibar ita za ta kai ki kabari." Har na isa gida hawaye nake sharewa da bakin hijabi a cikin keke.

Tsoro ya sa na yi abin da mai tsoro ke yi. Na daina cin abincin rana da na dare, sai ruwan zafi da lemon tsami. Na sayi shayin rage ƙiba a wani zauren WhatsApp, kwali uku, kuɗin da zai yi mini ɗinkin mako guda. Shayin nan gudawa kawai yake sawa. Ina kwana ina zarya bayan gida, da safe sikeli ya nuna na ragu, in ce aiki yake yi. A rana ta 12, ina tsaye ina yanka leshin wata amarya, na ga teburin yana juyawa. Na faɗi da almakashi a hannuna. Allah ne ya tsare, gefen hannu kawai ya yanke ni. Kilo biyar na sauke a wannan wahalar, kafin wata uku bakwai sun dawo.

Malam ya ga halin da nake ciki, sai ya zo da tasa dabarar, kuma da kyakkyawar zuciya ya zo. Ya ce, "Ki sauke kilo shida ta hanya mai kyau, ni kuma in saya miki babban keken nan irin na kamfani da kike ta magana." Na ɗaura ɗamara. Kullum da sassafe ya kai ni wajen filin wasa na Rwang Pam a bayan mashin, in yi ta zagaye ina kallon agogo, ina ƙirga kwanaki. Wata biyu da rabi na cika alkawari, shi ma ya cika nasa. Ranar da aka sauke keken a shago, a ranar tafiyata ta ƙare. Ban yanke shawarar dainawa ba, kawai dai washegari ban ga dalilin tashi ba, jibi ma haka. Bai ce mini komai ba, amma na ga yadda yake kawar da kai in na jawo kujerar roba. A lokacin na yanke wa kaina hukunci cewa ni raguwa ce, ba ni da zuciyar riƙe abu.

A shekarar ne 'yar wana ta dawo gidanmu da zama, tana digiri na biyu a fannin ilimin motsa jiki da lafiya a Jami'ar Jos, da yake unguwarmu na maƙwabtaka da makarantar. Na yi zaton za ta dame ni da wa'azin ƙiba. Wata huɗu tana ci tare da mu, ko sau ɗaya ba ta kalli kwanona ba. Kullum da dare tana kan tabarma da kwamfutarta tana karatu.

Wani dare cikin Disamba 2022, sanyin Jos ya sauko sosai, irin wanda ruwan randa ke cizon hannu, ina zaune ina shafa man zafi a gwiwa. Ni na fara magana. Na ce, "'Yar nan, ku da kuke karatun abin nan, akwai maganin ragwanci kuwa?" Ta rufe kwamfutar ta ce, "Gwaggo, wace ce raguwar? Ke da kike kwana uku ba barci in Sallah ta matso?"

Sai ta ba ni labarin wasu masu bincike da take karanta aikinsu, a Jami'ar Lisbon ta ƙasar Fotugal, a tsangayar nazarin motsin jikin ɗan Adam, ƙarƙashin wani farfesa Pedro Teixeira. Ta ce tambayar da ta dame su ita ce me ya sa mutane da yawa ke iya rage ƙiba amma kaɗan ke iya riƙewa. Sun ɗauki mata sama da 200 masu nauyin jiki, suka raba su gida biyu. Gida ɗaya aka ba su darussan lafiya na gama-gari. Ɗaya gidan aka shekara ana zama da su a ƙungiya, ana taimaka wa kowace ta nemo nata dalilin, ta zaɓi irin motsin da take jin daɗinsa, ta sa wa kanta abin da za ta iya, ba tsawa ba gori. Bayan shekara, waɗannan sun sauke kusan kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, na ɗaya gidan ba su kai kashi 2 ba. Masu binciken ba su tsaya nan ba, suka ci gaba da bibiyar matan har shekara uku. Abin da suka gano shi ne, matan da motsa jiki ya zame musu abin da suke so da kansu, su ne suka ci gaba da yi, kuma su ne nauyinsu ya fi zama a ƙasa.

Na ce mata ai ni ma na so, har keke aka saya mini. Ta yi murmushi ta ce keken nan an san labarinsa tun 1971. Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Edward Deci, ya ba ɗalibai wani wasan haɗa 'yan gutsattsari mai daɗin yi. Wasu ya biya su kuɗi a kan kowane da suka haɗa, wasu bai ba su komai ba. Da aka janye kuɗin aka bar su su kaɗai a ɗaki, waɗanda aka saba biya sai suka rage taɓa wasan. Lada ya mayar musu da abin sha'awa aikin ƙwadago. Shi da abokin aikinsa Richard Ryan, a Jami'ar Rochester, suka gina nazari a kan haka, cewa ƙwazon da ke ɗorewa yana son mutum ya ji shi ya zaɓa, ya ga yana iyawa, kuma ya ji yana cikin mutanen da suka damu da shi.

Tana cikin bayani na ɗaga mata hannu, don abin da take faɗa na san shi tun tana ƙarama, ban dai taɓa juyo shi kaina ba. 'Yan koyo sun fi 40 da suka bi ta hannuna. Tun a wata na biyu nake gane wadda za ta zama tela. Akwai wadda uwarta ta kawo ta don kada ta zauna a gida, ana yi mata barazana ana yi mata alkawarin waya. Irin wannan in ina shago tana kan keke, ina fita ta kwanta a kan yadi. Akwai kuma wadda zan tarar ta tsince ƙyallayen da na zubar tana haɗa wa 'yar tsana riga, ba wanda ya sa ta. Kuma ko mai so ɗin, in na fara ta da leshi mai tsada ta ɓata na yi mata faɗa, gobe hannunta rawa zai yi. Shi ya sa nake fara su da takarda, allura ba zare, su bi layi har ya miƙe. In yarinya ta ga hannunta ya fara faɗawa, ba sai an kira ta ba. Wadda kuma ta yi ƙawa a shagon, ko ruwa ake kamar da bakin ƙwarya sai ta zo. Ni da na san duk wannan a kan 'ya'yan mutane, kaina na fara da leshi, da tsawa, da alkawarin keke.

Ta ce, "To Gwaggo, a ajiye maganar likita, a ajiye ta Baba Malam, a ajiye ta matan biki. Ke, me kike so jikinki ya iya yi miki?"

Na daɗe ban amsa ba. Ba wanda ya taɓa yi mini wannan tambayar, kowa gaya mini yake yi. Da na buɗe baki, abin da ya fito ko ni ban shirya shi ba. Na ce, "Ina so goshina ya taɓa ƙasa." Shekara biyu ke nan ina sujada a iska, ina sunkuyar da kai a kan kujera. Ina kewar ƙasa. Ta ce, "Shi ke nan, wannan ne namu. Sikeli ya jira."

Ta lissafo mini abubuwa ta ce in zaɓa, har da tsallen igiya da bin masu motsa jiki a waya. Na zaɓi tafiya, domin ina yarinya a Gangare ba inda ƙafata ba ta zuwa, har duwatsu muke hawa mu tsinko 'ya'yan itace. Ta ce in fara da minti goma, in koma wurin likita in gaya masa, kuma kada in kuskura in ajiye maganin hawan jini. Na raina minti goman nan. Ta ce ai takarda ce, allura ba zare.

Yadda na yi shi ne, in na fito da safe sai in taka daga gida zuwa bakin Titin Bauchi kafin in hau keke. Mako biyu haka. Sannan na fara wuce inda nake hawa, in ƙara gaba kaɗan, har na riƙa kaiwa tashar Bauchi a ƙasa. Silifas ya tayar mini da bororo, na shiga 'yan gwanjo na sayi kambas da safa. Hijabina har ƙasa, ba mai ganin abin da ke ƙafata. Abin da ya fi gwiwa wahala shi ne idon mutane. Masu keke su yi ta yi mini oda, "Hajiya, ina zuwa? Shigo mana, ko ba canji ne?" Wata maƙwabciya ta aiko 'yarta ta tambayi tawa ko kasuwa ce ta karye mini. A garin nan mace mai rufin asiri ba ta tafiya a ƙasa, haka muka ɗauka. Da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 kuɗin keke ya tashi, sai titi ya cika da masu tafiya irina, daga nan ba wanda ya ƙara kallona.

A shago kuma ta koya mini abu ɗaya saboda gwiwa. Duk rigar da na gama, kafin in ɗauki wata, in tashi daga kan kujera in zauna sau goma ba tare da na dafa komai ba. Ranar farko huɗu na yi, cinyoyina na rawa. 'Yan koyona suka riƙa ƙirga mini, daga baya suka shiga yi tare da ni.

Na taɓa sa wa wayata manhajar ƙirga taku, ta riƙa nuna mini ban kai 10,000 ba, raina ya riƙa ɓaci. 'Yar wana ta ce wannan adadin daga tallar wata na'urar ƙirga taku ya samo asali a Japan a 1965, kada in mayar da shi farilla. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce shi ne babba ya samu aƙalla minti 150 a mako na motsi matsakaici, da aikin ƙarfafa tsoka kwana biyu. Minti 30 sau biyar ke nan. Matsakaici kuwa, ta ce, shi ne kina iya hira amma ba za ki iya rera ƙasida ba. Ta kuma gaya mini wani babban bincike da aka yi a Amurka aka fitar a 2002, a kan mutane sama da 3,000 da ke bakin ƙofar suga kamar ni. Waɗanda aka taimaka musu su nufi sauke kashi 7 cikin 100 na nauyinsu tare da minti 150 ɗin nan, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin 100, fiye da na waɗanda aka ba ƙwayar metformin, wato maganin ciwon suga. Na yi lissafi da alli a kan teburin yanka. Kashi 7 na nauyina kilo bakwai ne. Ni da nake ganin sai na koma siririyar amaryar nan kafin a ce na yi wani abu.

A wata na uku Maman 'Yan Biyu ta bi ni. Gidanta na kallon namu, ita ma hawan jini ke damunta. Muka mayar da tafiyar bayan sallar asuba, in gari ya fara haske. Sai ga ta uku, sai ga ta huɗu. A hanyar nan aka shirya auren 'yar ɗayarmu, a nan aka sasanta wata da kishiyarta, a nan muka kafa adashi. Ranar Asabar mukan miƙa har Farin Gada mu sayo kayan miya da sauƙi. Wata mai sayar da kabeji a can, Birom ce, da ta ji abin da ke kawo mu a ƙasa, ita ta koya mini gwaten acca yadda suke yi, ganye ya fi tsaki yawa, da yakuwa da gauta. Yanzu sau biyu a mako shi ne abincin darenmu, Malam har tambaya yake yi.

Abinci ban yi masa juyin mulki ba. Yarinyar ta ce in zaɓi abu ɗaya da zan iya bari ba tare da na ji an zalunce ni ba. Ta auno sukari da cokalin shayi ta zuba a faranti, ta wuce goma tana zubawa, ta ce kusan abin da ke cikin babbar robar lemo ɗaya ke nan. Ni kuma biyu nake sha a rana. Na koma zoɓon da nake dafawa da kaina da citta da kanumfari. Tuwo na mayar malmala ɗaya, miya ta yi yawa, kuma a ci kafin isha'i. Masa kam ban bar ta ba, ranar Juma'a ce ranarta.

Cikin Agusta, wata na takwas, wata asuba ana yayyafi. Na tayar da sallah a gaban kujera kamar kullum. Da na ɗago daga ruku'u sai na ji ƙafafuna sun riƙe ni daram. Na tura kujerar baya da dunduniya, na sauka a hankali, gwiwar dama ta yi ƙara, ta hagu ta bi ta, tafukana suka dafa darduma. Sanyin siminti ya ratso ta cikin dardumar ya taɓa goshina. Na ji ƙanshin turaren wutar da ya kama zarenta, ƙanshin da na manta da shi. Na yi tasbihi uku na kasa ɗagowa, kuka ya ƙwace mini. Malam ya dawo daga masallaci ya tarar da ni zaune a ƙasa ido jawur, ya ce, "Lafiya? Faɗuwa kika yi?" Na ce masa sujada na yi. Ya tsaya a bakin ƙofa da takalminsa a hannu, ya ce alhamdulillahi ya fi sau biyar.

A azumin 2024 na je tahajjud. Daren farko autana ya ɗauki kujera, na yi rabi a tsaye rabi a zaune. Dare na huɗu na ce ya bar ta a gida. Nauyina a lokacin kilo 86, suga ya sauko 97, ƙuguna daga inci 45 ya koma 39. A ranar da na auna na buɗe sabon shafi a littafin awo na rubuta sunana.

Daga nan abu ya lalace. Ɗinkin Babbar Sallah ya taso, mako uku ina kwana a shago, shayi da burodi da lemo suka dawo don in kore barci. Ana gama Sallah mahaifiyata ta kwanta, na yi wata biyu da rabi ina jinya, ina cin abin da ya samu a bakin asibiti, har Allah ya karɓi abarsa. Bayan sadakar arba'in na hau sikeli, 92. Muryar nan ta dā ta dawo, tana ce mini ga shi nan, dama an gaya miki. Na kira 'yar wana, lokacin ta yi aure tana Abuja. Ta ce, "Gwaggo, matan Lisbon ɗin ma da aka auna su a shekara ta uku, wani abu ya dawo musu. Haka jiki yake, yana jan abinsa. Ki bar sikelin, ki gaya mini, kina kewar hanyar?" Ina kewarta kuwa. Ina kewar hazon da ke kwanciya a kan duwatsu da sassafe, da ƙanshin ƙosan farko a bakin titi, da surutun Maman 'Yan Biyu. Lokacin shayi da lokacin keke, da na tsaya ban ji kewar komai ba, sauƙi ma na ji. Wannan karon asuba ce ke yi mini faɗi, in idar da sallah in rasa inda zan sa kaina. Washegari na ɗaura kambas. Minti 15 na iya, na dawo ina haki.

Yau kilo 88 nake, kuma a ma'aunin asibiti har yanzu ina cikin masu ƙiba. Ƙuguna bai sauko ƙasa da inci 35 da ake so ga mace ba. Ina shan maganin hawan jinina kullum. In gari ya rikice aka sa dokar hana fita, tsakar gida nake zagayawa. Na san kuma matan Lisbon ba a bakin kwata suke tafiya keke na goga musu hijabi ba, kuma da yawa daga matanmu ko izinin fitar asuba ba za su samu ba. Yarinyar ta ce abin da take son ta yi digirinta na uku a kai ke nan, matanmu da gidajenmu. Ina yi mata addu'a.

Abin da ke ci mini rai har yanzu shi ne bakinmu. Mu muka zuga yarinya ta sha ƙwaya don ta cika ido, mu ne kuma za mu tare ta a gidan biki bayan shekara 20 mu ce, "Ke kuwa ina za ki kai wannan jiki?" Ma'aikaciyar nan ta asibiti na yafe mata, wataƙila gani take taimako ta yi, amma maganarta shayin gudawa ta tura ni saya. Ni kaina na yi wannan laifin shekara da shekaru, tef a hannu, ina cewa, "Hajiya, an ƙara fa," shago cike da mutane. Na daina. Yanzu in na auna, in rubuta in yi shiru.

Watan jiya wata tsohuwar mai kawo mini ɗinki ta tsaya bayan kowa ya fita, ta rage murya ta ce, "Don Allah Hajiya, wane magani kika sha?" Na ce ta zo asuba ta gani. Ta zo kwana uku, ba ta ƙara zuwa ba. Na bar ta mako biyu, sannan na kai mata ɗinkinta gida da kaina. Tun kafin in zauna ta fara ba ni haƙuri, wai ita ba ta da zuciya. Na ce ta bar wannan, na yi mata tambayar da aka yi mini. Ta yi shiru tana murza bakin zaninta. Can ta ce jikarta ta fari tana da wata bakwai, kuma ko sau ɗaya ba ta goya ta ba, in ta ɗora ta a baya numfashinta ɗaukewa yake yi, sai dai ta riƙe ta a cinya. Ta ce ita da ta goya tara. Na ce to minti goma za mu yi, daga ƙofarta zuwa bakin titi mu dawo. Ta ce Asabar. Na ce zan ƙwanƙwasa mata ƙarfe shida saura kwata, ta nemi safa mai kauri don sanyi ya fara sauka.